Shatin Yatsan Alhaji Audi

Duk wanda ya zauna Tudun Wada ta Sakkwato a shekarun da kuɗin man fetur ya haukata ƙasa ya san shagon Malam Irmiya mai ƙwan fitila, wani ɗan matsattsen wuri tsakanin mai faci da mai walda. Dogon mutum ne siriri, baƙi, dariyarsa sai an yi da gaske. In ka zo sayen ƙwai, da farin ƙyalle yake ɗauko shi, da ƙyallen yake miƙo maka, in kuwa ka kai hannu tsirara sai ya buge hannun, ko kai wane ne. Sau ɗaya tak ya bar mutum ya taɓa, har da ce masa bismilla yana murmushi. Labarin wannan rana shi ne labarin Irmiya.

Mutumin ƙasar Zuru ne, ɗan wani tsoho mai bishara da ake kira Baba Luka. Tsohon ya yi noma ya yi wa'azi har ya ga ɗansa ya gama karatu a Zariya, kuma bayan yaƙin basasa gwamnati ta turo Irmiya Sakkwato koyar da kemistiri a wata makarantar sakandaren maza. Ya zo da matarsa Rahila da 'yarsu Dorcas, aka ba su gida a kwatas. A ƙauyensu kuwa Baba Luka ba ya buɗe baki bai ce “ɗana malamin gwamnati” ba.

Da kuɗi suka fara shigowa, aka aiko wa makarantar majigi sabo fil don nuna finafinan darasi. Kowa hoton da ke bango yake kallo, Irmiya kuwa ɗan ƙwan da ke ciki ne ya tafi da hankalinsa. Bai kai babban yatsa ba, amma haskensa ya fi na fitilun aji duka. Har darasi guda ya ware masa. Ya kan ce wa ɗalibai, “Kun ga wannan siririyar waya ta ciki? Ƙarfe ne, sunansa tangistin. In ta yi ja, zafi ya kan riƙa ɓantarar ta kaɗan-kaɗan yana watsawa. A ƙwan gida wannan ɓantaren gilashi yake mannewa, shi ya sa kuke ganin ƙwai ya yi baƙi ya mutu. To wannan an zuba masa ɗan aidin, irin na sa wa ciwo, ga kuma ɗan burbushin iskar oksijin. Su biyun sai su tare ƙarfen kafin ya manne, su ukun su haɗu su zama abu guda, tangistin oksihalaid. Shi wannan hayaƙi ne, ba ya zama kan gilashi muddin gilashin na da zafi. Yawo zai yi ta yi har ya komo kusa da wayar, can zafi ya raba su, ƙarfen ya sauka, aidin ya koma ya tare wani.”

Sai wani ɗalibi ya ce, “Ashe ke nan ba shi mutuwa, Malam?”

“Yana mutuwa. Ƙarfen yana dawowa, amma ba ya sauka inda ya tashi. Inda ya rame sai ƙara ramewa yake, har wata rana ya tsinke.”

Yaran Sakkwato ba su iya wahalar da harshensu ba, sai suka mai da oksihalaid Halidu, suka laƙaba masa. Kirista ɗan mai bishara ya koma Malam Halidu, kuma yana amsawa.

Abu ɗaya yake ja musu kunne a kai. Tun da gilashin sai da zafi mai tsanani yake aiki, ba gilashin banza ba ne, kuma ba ya shiri da maiƙo. In yatsa ya taɓa shi, maiƙo da gishirin gumi su kan ƙone a wurin, wurin ya yi rauni ya kumbura, ƙwai ya mutu da wuri, wani ma ya fashe. Shi ya sa kowane ƙwai yake zuwa cikin rigar takarda. Haka ya koya wa Dorcas ma a gida, tun ba ta san mene ne kemistiri ba.

To, mai kula da siton makarantar wani ne Malam Audi, ɗan unguwar Ƙofar Dundaye, kyakkyawan mutum mai son ado. Turaren mai yake shafawa, irin mai danƙon nan, ya tsiyaya a tafi ya murza ya shafe gemu da wuyan riga. In ka gaisa da shi da hantsi, har la'asar kana jin shi a hannunka. Ranar da aka kawo kwalin ƙwayayen majigi na ajiya, Audi ya zazzage su a teburin ofishin malamai, yana zare rigunansu yana murza kowane da babban yatsa, yadda kowane mai hankali yake yi wa kaya a kasuwa. Irmiya ya shigo ya gani, ya daka tsawa ba tare da ya yi tunani ba.

“Malam Audi, kar ka taɓa! Hannunka zai ɓata su!”

Ga malamai, ga shugaban makaranta. Audi ya ajiye ƙwan a hankali, ya ɗaga tafinsa yana dubawa.

“Mi kac ce? Hannuna na da ƙazanta? Ni da ka alwala sau biyat kullum, kai za ka hwaɗa min hannuna na ɓata abu?”

Irmiya ya shiga bayanin maiƙo da gishiri, yana cewa ko hannunsa ma haka ne, ko hannun Baturen da ya ƙera shi. Ina! Wa ya saurare shi? Audi dai abin da ya ji shi ne baƙo daga Zuru ya kira shi ƙazami a gaban mutane. Don ya nuna hannunsa tsarkakakke ne, sai ya bi sauran ƙwayayen ɗaya bayan ɗaya ya murje su tas, ya kwashe ya kai sito ya kulle. Irmiya ya nemi a ba shi ya goge su da sifirit, Audi ya ce sai dai in a kan gawarsa.

Abin da ya biyo baya ba sai an yi duba ba. A sa ƙwai, ya yi ɗan aiki ya mutu. A sa wani, ya kumbura. Kafin ƙarshen zango kwali ya ƙare, majigi ya koma kayan ado. Ana cikin haka sojoji suka sake juyin mulki a saba'in da biyar, sabbin suka zo da tsintsiya, ana korar ma'aikata nan take, a tuhume ka da safe a kore ka da rana. Aka ce kowace makaranta ta ba da sunan masu ɓarnar kayan gwamnati. Audi ya je ya rantse cewa Irmiya ya sayar da ƙwayayen kirki ga masu hoto na gari ya musanya da jabu. Shugaban makaranta yana nan ranar da aka murje su, da idonsa ya gani, amma matsoracin banza ya sunkuyar da kai ya sa hannu. Allah wadai.

A rediyo aka karanta sunayen. Baba Luka yana zaune ƙofar gidansa da 'yar rediyonsa da dattawan majami'a lokacin da aka ce Irmiya Luka, sata da zamba. Tsohon ya tashi ya shiga ɗaki. Bai sake hawa mumbarin wa'azi ba, kuma kafin girbi na gaba aka binne shi. Da Irmiya ya je, ƙanwarsa ta gaya masa abin da tsohon yake ta tambaya a kwance: “Ashe ban ƙosar da yaron nan ba?”

Wannan tambaya ce ta zauna wa Irmiya a wuya. Aikin da ya tafi bai dame shi haka ba, gidan kwatas da aka fitar da su ma ya haƙura. Amma ubansa ya shiga ƙasa yana zaton ya haifi ɓarawo, kuma babu kotun da za ta kai wa tsohon gyara. A bakin kabarin ya sha alwashin sai Audi ya ji sunansa a rediyo, sai 'yan Ƙofar Dundaye sun nuna shi da baki.

Suka kama ɗaki biyu a Tudun Wada. Rahila ta fara tuyar ƙosai, Dorcas ta ƙarasa kwalejin horon malamai da ƙyar, shi kuma ya buɗe shago yana gyaran fitilun mota da na masu hoto da majigi, yana sayo ƙwayaye daga Kano. Sannu a hankali aka san shi, don ƙwan da ya fito daga hannunsa yana daɗewa. Amma fa mutumin ya canza. A coci in aka zo wurin “kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi,” sai ya rufe bakinsa ya jira a wuce. Rahila ta lura.

“Baban Dorcas, ka bar wa Allah mana. Abin nan cin ka yake.”

“Na bar masa. Amma in ya ga dama ya aike ni, ba zan ce ƙafata na ciwo ba.”

Shi kuwa Audi, duniya ta yi masa daɗi. Ya ajiye aikin sito ya shiga kwangila, a lokacin da in ka san wani ka san wani sai a ba ka kwangilar gina aji ko ba ka taɓa riƙe cebur ba. Ya je Makka ya dawo Alhaji, ya sayi Marsandi, ya yi tumbi. In motar ta bi ta Tudun Wada Irmiya ya kan fito ƙofar shago ya bi ta da ido har ta ɓace, sannan ya tofar da yawu ya koma ciki.

Wata rana da hantsi, cikin saba'in da takwas, Marsandin ta tsaya daidai ƙofar shagon. Turaren ya riga mai shi shigowa. Ashe Alhaji Audi ya samu kwangilar kawo majigi ga makarantun jiha, kayan sun daɗe a tashar jirgin ruwa ta Ikko, da aka buɗe akwatuna rabin ƙwayayen sun farfashe, ga ranar miƙawa ta matso, ga wani manjo mai zafin kai yana jira. An zagaya gari ba a samu irinsu ba sai wurin mutum ɗaya.

“Malam Irmiya, abin da yaw wuce ya wuce,” in ji Alhaji, yana washe baki. “Dut ƙaddara ta. Yanzu dai ka hid da ni kunya.”

Ƙaddara! Irmiya ya ji kamar ya shaƙe shi a wurin. Amma sai ya ji wani sanyi ya sauko masa, ya jawo kujera ya kakkaɓe.

“Haba Alhaji, ai ba komai. Zauna. Wace makaranta da wace za a kai?”

“Can waje, su Argungu, su Gusau, su Yawuri.”

Irmiya ya shiga ƙurya ya ɗauko kwalaye. Ya tsaya a can ya zare rigar takardar kowane ƙwai, ya jera su tsirara a faranti, ya fito da su ya ajiye gaban Alhaji. Alhaji ya kai hannu, sai ya tsaya, ya dubi Irmiya ta gefen ido. Bai manta ba.

“Ko har yanzu hannun nawa na da ƙazanta?”

“Wane ni, Alhaji. Wancan ƙuruciya ce da yawan karatu. Bismilla, duba kayanka da kyau, kar in cuce ka.”

Ka ji fa! Alhaji ya yi dariya har tumbinsa na rawa, ya ce ai ya san wata rana Irmiya zai yi hankali. Ya ɗauki ƙwayayen nan ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa sama yana murzawa da babban yatsa, yatsan yana ƙyalli da turare. Irmiya yana tsaye hannu a baya, yana ce masa ga wancan ma ba ka duba ba. Sai da ya tabbata ba wanda ya tsira, sannan ya mai da su kwalayensu masu hatimin shagonsa, ya raka Alhaji har mota. Ran nan ya ci tuwo ya nemi ƙari, har Rahila ta tambaye shi ko lafiya.

Ya san sarai ƙwan nan na iya fashewa. Ya san yara ne za su zagaye majigin, 'ya'yan mutane da ba su san Audi ba ba su san Baba Luka ba. Ya tambayi sunayen garuruwan ne kawai don ya ji sun yi nisa da ƙofarsa, da ya ji haka sai ya ce oho. A nan kam ba ni da abin kare shi, mugunta ce ya yi da idonsa biyu.

Aka yi bikin miƙa kaya, manjo ya yi jawabi, aka tafa. Ba a rufa wata biyu ba ƙorafi ya fara zuwa daga makarantu. Wannan ƙwai ya mutu, wancan ya kumbura, na can ya yi baƙi. Manjo ya ce an raina masa hankali. Aka kafa kwamitin bincike, aka ɗauko Alhaji daga ƙofar gidansa a bayan motar soja, hularsa a hannu, unguwa duk ta fito kallo. Ya ce a tambayi Irmiya, wurinsa ya saya. Aka kira Irmiya, ya zo da ƙwai ɗaya daga cikin irin kwalin, ya sa da ƙyallensa, ya kunna, aka bar shi yana ci har aka gaji. Ya ce shi dai lafiyayyun kaya ya sayar, abin da aka yi da su bayan sun bar shagonsa bai sani ba, ko an musanya su ne. Kalmar da Audi ya yi masa sharri da ita, da ita ya rama, bai ƙara ko gishiri ba.

Aka ƙwace motar, aka hana shi kwangila, aka tsare shi na ɗan lokaci. Ranar da aka karanta sunansa a labaran rana, Irmiya ya fito da rediyo ƙofar shago ya ƙure murya. Alhaji Audi na Ƙofar Dundaye, zamba da kayan jabu. Mai faci da mai walda sun ce ranar suka fara ganin haƙoransa na ciki. Ya sayi tsire ya raba wa layin gaba ɗaya, ya ɗaga kai sama ya ce, “Baba, ka ji?”

Abin da bai sani ba, ba duka majigin aka kai waje ba. Shugabar wata makarantar 'yan mata a cikin gari ta yi ta zirga-zirga a ma'aikatar ilimi har aka karkato mata da guda, ya daɗe a kulle a ofishinta don ba wanda ya iya shi. Sai aka tuna akwai sabuwar malama, 'yar mai gyaran majigi. Dorcas ta yi murna, ta ɓoye wa ubanta don ta zo ta ba shi labari bayan ta nuna fim ɗin farko ita kaɗai. An riga an sa ƙwan a ciki tun daga wurin ɗan kwangila. Ta yi 'yan kwanaki tana gwaji, komai lafiya. Ranar da ta tara ɗalibai aka rufe tagogi, hoton ya fara dishewa, ta ji ƙauri. Ta kore yaran baya, ta buɗe murfin gefe ta leƙa, ta ga ƙwan ya yi ƙululu a gefe ɗaya. Hannunta na kan hanyar makunni ya fashe.

Likita ya ceci idon dama. Na hagu ya tafi.

Irmiya ya same ta a gadon asibiti da la'asar, rabin fuskarta a naɗe, Rahila na gefe ta yi kuka har muryarta ta dishe. Dorcas ta sa hannu ƙarƙashin matashi ta ciro wani abu a ƙulle cikin hankici. Ɗalibanta ne suka tsinto mata, guntun gilashi da kwalin da aka samu a akwatin majigin. A jikin gilashin ga shatin babban yatsa ya ƙone ya yi fari, layi-layi, kamar na dangwalen zaɓe. A jikin kwalin ga hatimin shago.

“Baba,” ta ce, a hankali, “ƙwai bai taɓa fita daga shagonka babu riga ba. Wa ya cire wa wannan?”

Irmiya ya karɓi hankicin ya mai da shi ya ƙulle. Rahila ta dube shi, ta tuna daren tuwon da ya nemi ƙari, ta dafe kai ta ce, “Wayyo Yesu.”

Suna nan sai ƙamshin ya shigo. Alhaji Audi ne, ba a daɗe da sakinsa ba, ya rame, rigar ta yi masa yawa, ya zo a ƙasa tun daga Ƙofar Dundaye da ledar lemo. Ya ji 'yar tsohon abokin aiki ta yi haɗari da majiginsa, kuma a Sakkwato ko da maƙiyinka ne ka kan je dubiya. Har ran nan bai yarda yatsa na kashe ƙwai ba, shi a ganinsa sammu aka yi masa.

“Sannu ɗiyata, Allah shi ba ki lahiya. Malam Irmiya, sai haƙuri. Wanga abu ya taɓa mu dut.”

Ya miƙo hannu. Ga ma'aikatan jinya, ga 'yan dubiya, ga Dorcas na kallo da idon da ya rage. Irmiya ya karɓi hannun. Laushi, danshi, babban yatsan ya kwanta masa a bayan hannu. Da Alhaji ya fita, Irmiya ya je famfo ya yi ta wanki da sabulu, amma har ya koma gida yana jin turaren.

Dorcas ta koma aiki da tabarau mai duhu, daga baya ta nemi canji zuwa Zuru ta yi aure a can. Ba ta tona shi ba, ba ta kuma sake taka shagon ba. In ta aiko gaisuwa, ta ce a gai da Mama da mutanen gida. Irmiya ya tsufa a Tudun Wada tsakanin mai faci da mai walda, yana buge hannun masu saye. Guntun gilashin yana cikin aljihun rigarsa a ƙulle cikin hankicin.

Rahila ta taɓa tambayarsa, bayan furfura ta gama cin kansu, ko ya yi nadama. Yana goge wani ƙwai da ƙyalle ya amsa.

“Na yi, Maman Dorcas. Kullum ina yi. Da na sani da na ce Audi ya kunna ɗaya ya leƙa da kansa tun a shagon.”

Rahila ta tashi ta ɗauki kaskon ƙosanta ta fita, ta bar shi da ƙwansa.